Masu Zama a Rariyar Ɗakin Gwaji

Rana ta yi ja lokacin da Matar Malam ta turo baro cikin makarantar. Har yanzu haka ake kiranta, ko da yake Malam ɗin ya rasu tun kafin damina ta ɗauke. 'Yarta na biye da ita, ta rungumo jarka a ƙirji kamar jariri.

"Bi a hankali, 'Yar Baba. In ruwan nan ya zube ban san inda za mu samo wani ba."

"Umma, ke kike faɗawa ramuka da baro, kuma ni ake wa faɗa?"

Kayan marigayi ne a cikin baron. Shekara da shekaru yana koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar nan, makarantar kuwa in ban da alli ba ta sayen komai. Da hannunsa ya haɗa kayan koyarwarsa. Kwalaben magani da na turare yake tsinta ya wanke. Asid ɗinsa ruwan batir ne da yake roƙa wurin mai gyaran batir. Kanwa yake jiƙawa don kashe kaifin asid. Jan fure yake tafasawa ya tace, in an ɗiga ruwan a kan asid ya yi ja, in an ɗiga a ruwan kanwa ya koma kore. Ruwan sama yake tarawa a jarka, wai na famfo yana ɓata gwaji. Ita ɗinki ta sani, ta sha yi masa tsiya: "Malam, wai kai malami ne ko ɗan gwangwan?" Sai ya yi dariya ya ce duka biyun.

Gobe da safe ne jarrabawar gwaji. Masu sa ido sun ce in suka zo babu kaya, 'yan ajin ƙarshe sai baɗi. 'Yar Baba na cikinsu, kuma ita kaɗai Allah ya bar mata. Shi ya sa da sabon malamin ya zo gida yana sosa ƙeya, Matar Malam ta buɗe ɗakin da ba ta iya kallon ƙofarsa tun ranar rasuwa, ta kwaso komai.

Sabon malamin ya tare su a bakin ɗakin gwaji, makullin babur a hannu.

"Sannu da ƙoƙari, Mama. Allah ya jiƙan Malam. Bari in leƙa kasuwa in samo sifirit na fitilun nan kafin a rufe. Don Allah a ɗauraye min manyan kwalaben can na kan kanta. Yanzu zan dawo."

Ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, ta ɓace. Mai gadi ma ya tafi salla.

Ɗakin na warin ƙura da tsohon ashana. Dogayen tebura duk tabon ƙuna, kujeru a kife a kansu. A gefen allo akwai rubutun Malam da ba wanda ya goge. Matar Malam ta ɗauke kai da sauri. Babu wuta, sai ta kunna fitilar waya ta jingina a taga.

"Je ki ƙarasa kwaso kayan baron," ta ce wa 'yar. "Ni bari in fara."

Wurin wanke-wanken yana can lungu, na siminti ne, da rariya baƙa ƙirin mai faɗin tafin hannu. Ta sha zuwa biyo Malam bayan an tashi, ta tarar da shi tsugune a nan, yana sirka abu da ruwa, yana magana ƙasa-ƙasa kafin ya zuba. Ta ɗauka lissafi yake, irin nawarsa ta kullum. Ita sauri take yi.

Ta sauko da babbar kwalba. Akwai sauran ruwa a ciki, mai nauyi kamar mai. Ta cire murfi ta tuntsurar da shi cikin rariyar gaba ɗaya.

Tsssss.

Farin hayaƙi ya taso. Wari ya daki hancinta, warin gashi da ya ƙone.

Sai kuka.

Kukan jariri ne, siriri, daga ƙarƙashin siminti.

Ta ja da baya, kwalbar ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin tebur. Ta gaya wa kanta mage ce. Mage ce ta shiga kwata. Amma ta yi goyo, ta san kukan ɗan da ya ji ciwo, wanda yake shiɗewa kafin ya sake tsala ihu.

'Yar Baba ta shigo ɗauke da kwali. "Umma, wane yaro ne ke..."

Ƙofar ta rufe a bayanta. A hankali, kamar an tura da hannu. Sakata ta shiga da kanta.

Fitilar wayar ta dushe, ta koma kamar garwashin da toka ta rufe.

"Wa ya zuba?"

Muryar mace ce, daga cikin rariyar. Ba ta ɗaga murya ba. Amma kwalaben kan kanta duk suka ɗauki rawa, suna ƙwanƙwasar juna.

Matar Malam ta nemi addu'a, duk wadda ta kama sai ta tsinke a tsakiya.

"Ni ce," ta faɗa da kyar. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

"Ɗana na barci a bakin ƙofa. Bayansa ya saɓule." Kukan ya cika ɗakin. "Naki na nan, ai."

Kwalin ya faɗi daga hannun 'Yar Baba. Ta durƙushe, ta riƙe hannunta na hagu. A ɗan hasken da ya rage uwar ta ga fatar tana yin ja daga wuyan hannu, tana tashi ƙuraje, tana hawa sama kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

"Umma! Umma, zafi!"

Matar Malam ta faɗi a bakin rariyar, goshinta a siminti.

"Ni na zuba! Ga ni, ki ƙona ni! Ita kaɗai gare ni, baiwar Allah. Ita kaɗai."

"Ni ma shi kaɗai."

Matar Malam ta rarrafa wurin famfo ta murɗa. Ya yi tari, ya busa iska. Ko ɗigo.

"Umma." Muryar 'yar ta koma raɗa, haƙoranta na haɗuwa. "Ruwa. Mai yawa. Sannan kanwa. Haka Baba ke yi."

Jarkar na nan bakin ƙofa. Ruwan saman ƙarshe da Malam ya tara da hannunsa. Uwar ta jawo ta a ƙasa, tana haki.

"Umma, na jarrabawa ne..."

"Rufe min baki da jarrabawa!"

Ta cire murfin. Ta tuna bakin Malam yana motsi a wannan wuri, sai yanzu ta gane abin da yake faɗa.

"Salamu alaikum," ta ce wa ramin. "Ruwa ne. Ruwan sanyi ne. Ki tara bayansa."

Ta zuba. Ramin ya shanye, ba ƙarar gangarawa. Kamar ana tarba da hannu.

Kukan bai tsaya ba. Ƙunar ta kai gwiwar hannun 'yar.

Ta zaro ƙullin kanwa daga kwalin, ta zazzage cikin sauran ruwan, ta girgiza, ta zuba kaɗan-kaɗan. Kumfa ta taso tana huci.

"Ya isa? 'Yar Baba, ya isa?"

"Ruwan fure... ɗiga ki gani."

Ta lalubo 'yar kwalbar turaren cikin kwalin da ya fashe. Ta ɗiga a kan kumfar, ta kanga wayar.

Ja.

Ta ƙara kanwa. Ta ɗiga.

Ja, kamar jini.

'Yar ta daina kuka. Ta kwanta a gefe ɗaya, idonta a buɗe, ƙunar ta doshi kafaɗa.

Jarkar ta yi sauƙi a hannu. Matar Malam ta kife ta, ta girgiza har ɗigon ƙarshe. Ta ɗiga ruwan furen. Hawaye ya hana ta gani, ta goge da bayan hannu.

Kore.

Kukan ya sauka, ya koma shessheƙa, ya koma ajiyar zuciya irin ta yaron da aka sa wa nono.

Shiru.

Wani abu ya fito daga rariyar. Yatsu ne, dogaye, sirara, masu gaɓoɓi fiye da na mutum. Suka dafa bakin simintin, dab da gwiwarta. Sanyinsu ya ratsa zanenta. Ba ta motsa ba. Ba ta ko numfasa ba.

"Mai farin allin nan ba ya yi mana haka," muryar ta ce. "Shi sallama yake yi. Ya sirka, ya jira mu kauce. Mun daɗe ba mu ji shi ba. Ina ya shiga?"

"Ya rasu."

Yatsun suka tsaya cak.

"Mijina ne," ta ce. "Wannan 'yarsa ce."

Daga can ƙasa wani sauti ya taso, ba na murya ɗaya ba. Muryoyi ne da yawa, manya da ƙanana, suna gunji a hankali kamar gidan da aka kawo wa mugun labari. Yatsun suka zame suka koma.

Sakata ta zare.

Matar Malam ba ta san inda ta samo ƙarfi ba. Ta saɓa budurwar 'yarta a baya kamar ta goye, ta fita a guje, ba takalmi, ba mayafi. A bakin ƙofar makaranta suka yi karo da sabon malamin yana dawowa. Ya yi ta tambaya, ita dai cewa take a kai su asibiti.

Da safe 'Yar Baba ta dage sai ta je jarrabawar, hannu a naɗe da bandeji. Uwar ta raka ta, tana ta shirya yadda za ta gaya wa malamin cewa ruwan ya ƙare. Shi ya riga ta magana.

"Mama, ashe kun gama komai kafin ta ƙone? Ban taɓa ganin kwalabe sun fita haka ba."

Ta leƙa. Kwalaben na jere a kan tebura, suna ƙyalli. Jarkar na bakin rariya, cike taf, ruwan garau. Kanwa kawai aka aika aka sayo.

'Yar Baba ta ci jarrabawarta. Tabon yana nan daga wuyan hannu zuwa kafaɗa, kuma har yau ba ta zuba ko ruwan wanke hannu a rariya sai ta yi magana tukuna.

Matar Malam kuwa ta roƙi a bar mata wanke kwalaben ɗakin gwaji, ba ta son ko sisi. Mutane sun ce kewar miji ce. Tana zuwa bayan an tashi, ta sirka, ta ɗiga ruwan fure, ta jira kore, ta yi sallama.

'Yan uwa da maƙwabta sun daɗe da daina yi mata gaisuwar rashi, kowa ya koma harkarsa. Amma duk yammar da ta tsuguna a wurin, kafin ta zuba, sai ta ji muryar nan daga ƙasa, a hankali:

"Matar Malam, ya ƙarin haƙuri?"

Ita kuma takan amsa.