Gaisuwar Kande

A wani ƙauye, a zamanin da, an yi wata kurma mai suna Kande. Mutanen ƙauyen sukan gaisa da juna ta bayan danga, su wuce. Kande kuwa ba ta jin amsa, saboda haka sai ta shiga gida, ta ga fuskar mutum, ta dafa kafaɗarsa.

Akwai wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai, Iya Barmani, wadda ba ta son haka. Wata rana ta nuna wa Kande ƙofa da sanda. Kande ta ji kunya ƙwarai, ta daina shiga, amma kullum da safe takan dubi hayaƙin murhun tsohuwar daga nesa.

Ran nan babu hayaƙi. Kashegari ma babu hayaƙi. Kande ta tuna da sandar nan, ta yi jim, sa'an nan ta shiga.

Ta tarar da Iya Barmani kwance a ƙasa, ƙafa a karye, leɓe a bushe, tulu nesa da hannunta. Ta ba ta ruwa, ta fita da gudu, ta jawo maƙwabciyarsu Jummai.

Jummai ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Iya, ai jiya ma na gaishe ki, kika amsa!"

Da ƙyar tsohuwar ta ce, "Nishi nake yi, 'yar nan. Ba amsa ba ce."

Kande ba ta ji abin da suka ce ba. Ta dai ga tsohuwar ta lalubo hannunta, ta ɗora shi a kafaɗa, ta riƙe gam.