Soket Ɗaya a Bikin Sanwici

Karo na uku ke nan lasifika tana ɗaukewa ana tsakiyar waƙa. Mai kaɗa jita ya diro daga dandali yana huci, ya bi wayar wuta har rumfar ƙarshe, inda ya tarar da wata budurwa tana danna burodi a injin gashi, ko a jikinta. Masu shirya bikin sanwici ne suka haɗa su a soket ɗaya: da ta kunna injinta, sai kiɗansa ya mutu.

"Malama, kashe wannan abin!"

"Kai ka kashe naka. Ci mutane suka zo yi, ba ciwon kai ba."

"Wallahi ke barkono ce."

"To matsa can, kar ka yi mini atishawa a kaya."

Nan take ta tsane shi, har da guntuwar hularsa. Amma dole ta sa suka yi sulhu irin na maƙiya: ba za ta yi gashi ba sai ya tsaya hutu, shi kuma zai riƙa sanar da ita ta saƙon waya.

"Barkono, saura minti biyu. Ki shirya."

"Na gani, Sarkin Hayaniya. Waƙar ba daɗi."

"Shi ya sa kike kaɗa kai?"

Ta kife wayar cikin haushi, don gaskiya ya faɗa.

Babanta tela ne mai zafin rai, kuma da sharaɗi ya bar ta ta kafa rumfar: in alƙalan biki ba su zaɓe ta bana ba, ta tattara ta koma shagonsa saka maɓalli. Rana ta biyu ya iske mai jita a rumfar yana cin sanwici yana washe baki.

"Makaɗi? In na sake ganinka kusa da 'yata, jitar nan a kanka za ta fashe."

Ranar ƙarshe alƙalai suka iso kafin lokacinsu, daidai lokacin da mai jita ya shiga waƙar da jama'a suka kwana biyu suna jira. Burodinta a sanyaye, sanwici mai sanyi kuwa ba mai kallonsa. Tsoro ya kama ta, amma girman kai ya hana ta ko ɗaga masa hannu.

Daga dandali ya hango ta. Sai ya sunkuya ya zare wayar lasifikarsa daga wuta da kansa, ya ci gaba da kiɗi ba lasifika. Jama'a suka hau ihu suna jifansa da robar ruwa, mai gangarsa ya zage shi tas. Ita kuwa injinta ya ɗau zafi, cuku ya narke, alƙalai suka ci suka zaɓe ta.

Baba ya same shi a bayan dandali yana goge rigarsa.

"Kai wane irin sakarai ne?"

"Baba, sonta nake yi."

"Wa ya tambaye ka?" Ya daɗe yana hararsa. "Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure ma Baba bai saki fuska ba, sai da za a tafi da ita. Ya dafa kanta, ya dubi ango, muryarsa ta karye.

"Bakinta kaifi gare shi, amma ba ta ƙarya. Ka riƙe mini ita. Allah ya yi muku albarka."

Duk tsiwarta, sai ta fashe da kuka.