Gwangwanin da Ya Hana Amsa Sallama

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina. Ruwa ya kece tun da hantsi kamar da bakin ƙwarya, har kwatocin bakin tashar Birnin Kudu suka tumbatsa. Nu'uman yana zaune a 'yar rumfarsa ta caji da gyaran waya, hedifon a kunne, igiyarsa ta shige cikin wani gwangwanin sardin da ke kan benci.

Tun yana aji biyu na sakandare ya bar makaranta. Ya taɓa acaɓa, ya taɓa ɗinki, ya taɓa kwandasta, babu inda ya daɗe. Abu ɗaya ne ya iya zaunar da shi wuri guda, shi ne sauti.

Sai ga wata budurwa ta faɗo rumfar a guje, rungume da kular abinci, mayafinta sharkaf. Ta dubi gwangwanin, ta dube shi.

"Malam, kifin ne yake maka waƙa?"

Ya zare hedifon yana dariya. "Amfilifaya ce, ni na haɗa. Duk waƙar da ke cikin memori lambobi ce zalla. Wannan ɗan allon ne yake mayar da lambobin sauti, wannan kuma ya ba sautin ƙarfi. Waya ma tana yi, amma aikin gaggawa take yi. Saurara ki ji."

Ya ɗora mata hedifon. Kiɗan goge ne. Idanunta suka firfito.

"Ina jin numfashin mai gogen!" Ta faɗa da ƙarfi, har masu fakewa a maƙwabta suka waiwayo.

Ya tambayi sunanta, ba ta ji ba. Ya sake, ba ta ji ba. Sai da ya ɗaga mata kunne ɗaya.

"Mas'uda. Daga Maruta nake, ta wajen Gwaram, gwaggota na kawo wa abinci asibiti."

Ruwa ya ɗauke, ita ba ta tafi ba sai da gogen ya ƙare.

Kafin gero ya fitar da kai, Nu'uman ya san kowane rami a hanyar Gwaram, a kan mashin ɗin aro. Ita tana ce masa Mai Gwangwani, shi yana ce mata Sautina.

Wata rana a wurin zance ta zaro wani tsohon kaset daga cikin hijabinta.

"Muryar kakata ce, Inna Turai. Ta tafi aikin Hajji tun Baba yana saurayi, ta zauna can. Wannan kaɗai ta aiko kafin ta rasu. Ya tsufa, ba a jin komai sai shuu. Baba ya daina sakawa, sai dai ya ɗauko ya shafa ya mayar akwati. Za ka iya fito masa da ita?"

"Ya san kin ɗauko?"

"In ya sani ai ka ga gawata. So nake ya ji ta kawai, ba zato."

Nu'uman ya aro wata tsohuwar rikoda, ya kwashe kaset ɗin zuwa memori. Ana gab da ƙarewa rikodar ta yi wani irin gurnani. Kafin ya danna ya tsayar da ita, ta tauna zaren, ta tsinka shi gida-gida. Ya zauna riƙe da tarkacen a tafin hannu.

Abin da ya rage shi ne na cikin memori, shi ma muryar tana can ƙarƙashin ƙara kamar mai magana daga cikin rijiya. Ya duƙufa. Ya sayar da wayarsa mai kyau ya yi odar sabon allo daga Kano, ya ƙara wa gwangwanin abin tace ƙara. Dalma ta ƙone masa yatsu. Wani mai ɗakin ɗaukar waƙa daga Kano ya saurari gwangwanin, ya ce zai saya da daraja, kuɗin da za su haɗa masa lefe. Nu'uman ya ce ya ɗan ba shi lokaci.

Ranar wata Alhamis da la'asar, muryar ta fito. Tsohuwa ce, tana gyaran murya. Nu'uman, hedifon a kunne, ya rufe ido, yana gyaɗa kai, ƙwalla na zubo masa.

Bai san cewa a daidai lokacin Malam Ƙasimu, mahaifin Mas'uda, yana tsaye a gabansa ba. Dattijon ya taso takanas daga Maruta don ya yi bincike a kan mai neman 'yarsa. Ya yi sallama. Shiru. Ya ƙara ɗaga murya. Yaro yana ta gyaɗa kai. 'Yan acaɓa suka fara ƙunshe dariya. Malam Ƙasimu ya gyara babbar rigarsa ya juya.

Da magariba saƙo ya shigo 'yar ƙaramar wayar da ya koma riƙewa:

"Mai Gwangwani, me ka yi? Baba ya ce ya yi maka sallama a gaban mutane ka yi masa banza kana jin kiɗa. Ya ce ba zai yi mini dole ba, amma wanda bai amsa sallamar uba ba, ba zai amsa kukan 'ya ba. Ya ce kar ya ƙara ganin ka a ƙofar gidansa."

Nan take ya rubuta:

"Sautina, wallahi muryar Inna nake ji. Bari in zo in faɗa masa gaskiya."

"Ka faɗa masa na sace kaset kuma ya tsinke? Don Allah ka rufa mini asiri."

Nu'uman ya rasa tudun dafawa. In ya yi magana ya tona ta, in ya yi shiru ya rasa ta. Ya tura kawunsa ba da haƙuri, aka ba shi ruwa ya sha, aka sallame shi. Ya daina cin abincin kirki. Masu kawo caji suka fara karɓar wayar da ba tasu ba.

Ana nan sai Abdulmuhaimin ya fara sintiri a Maruta. Ɗan wani attajirin Gwaram ne, yana da shagon kayan waya a Kano, ga mota, ga ladabi. Tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Da ya ji labarin gwangwanin sai ya yi murmushi ya ce, "Allah sarki. Ai irin wannan ko kuɗin shayi bai kai ba."

Sai abin da ake gudu ya faru. Malam Ƙasimu ya buɗe akwati ya tarar wayam.

Saƙon da ya zo wa Nu'uman gajere ne:

"Ya gane. Na faɗa masa komai. Na kunna masa kwafin da ka turo mini a wayata, ba a jin komai. Abdulmuhaimin ya kawo hedifon ɗinsa mai tsada, sai dum-dum kawai. Baba ya ce mun kashe masa uwa sau biyu. Ba ya yi mini magana. Na gaji, Nu'uman."

Ba ta taɓa kiran sunansa haka ba. A ranar mai ɗakin waƙar ya kira ya ce gobe zai zo da kuɗi, in ba a shirya ba ya haƙura. Nu'uman ya kashe wayar, ya naɗe gwangwanin a cikin tsumma, ya hau hanyar Gwaram.

Ya tarar da Malam Ƙasimu a kan tabarma, a gindin darbejiyar ƙofar gida.

"Assalamu alaikum, Baba."

Dattijon ya ci gaba da jan carbinsa, ko ɗago kai bai yi ba.

Nu'uman ya durƙusa. Ya ajiye tsinkakken kaset ɗin a gefen tabarma, ya ajiye gwangwanin da hedifon kusa da shi.

"Baba, ni na ɓata, ba Mas'uda ba. Ban zo roƙon aure ba. Abin da nake ji ran nan ne na kawo maka. Wannan maɓallin za ka danna. Naka ne, ko ka ji ko ka jefa a masai."

Ya ja da baya ya tsuguna a jikin katanga, cikin rana. Inuwa ta matsa, ta ƙara matsawa. Ta tsagar ƙyauren zaure yana hango gefen mayafin Mas'uda. Ƙafafunsa suka yi tsami, bai motsa ba.

Can sai Malam Ƙasimu ya miƙa hannu kamar mai taɓa garwashi. Ya ture hularsa baya, ya ɗora hedifon, ya danna.

Nu'uman ya haddace abin da ke ciki. Da farko kukan tantabaru. Sai ɗan tari. Sai ƙarar carbi a jikin awarwaro. Sannan: "Ƙasimu, autana. Kana cin abinci kuwa? Na san halinka, in ka yi fushi ba ka ci. Ka riƙa sassautawa, ɗan nan. Duniyar duka nawa take?"

Carbin ya suɓuce daga hannun dattijon. Idanunsa suka rufe. Kansa ya fara gyaɗawa.

Sai ga Alhaji Barau, yayan Malam Ƙasimu kuma babban gidan, ya taho yana dogara sanda.

"Salamu alaikum."

Shiru.

"Salamu alaikum, Ƙasimu!"

Ƙanin nasa yana ta gyaɗa kai. Alhaji Barau ya zungure shi da sanda.

"Kai! Ni za ka yi wa kunnen uwar shegu? Da furfurarka ka koma jin kiɗa?"

Malam Ƙasimu ya zabura ya cire hedifon, gemunsa jiƙe da hawaye. "Yaya, yaushe ka zo?"

"Yaushe na zo? Tun ɗazu nake rangaɗa sallama kamar mai tallan manja!"

Malam Ƙasimu ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai ya tsaya. A hankali ya juya ya dubi yaron da ke tsugune a rana. Ya daɗe yana dubansa.

"Wa alaikumus salam, Nu'uman," ya ce. "Taso ka shigo inuwa."

Daga cikin zaure aka ji wata 'yar shessheƙa, sai sawun gudu zuwa cikin gida.

"Wai me ake ciki ne?" in ji Alhaji Barau.

"Zauna, Yaya. Inna ce. Har kai ta ambata, ta ce ka daina cin zalina."

"Ƙarya kake! Miƙo nan."

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan, a gindin darbejiyar nan. Abdulmuhaimin ya zo ya yi Allah-sa-alheri, har ya roƙi a ba shi gwangwanin ya saurara, ya cire ya ce, "To, na janye maganar kuɗin shayi." Malam Ƙasimu ya dafa kan amarya da ango, ya ce Allah ya sa su riƙa jin juna ko da a cikin hayaniya, ya ba su zuri'a mai amsa sallama. Jama'a suka ce amin.

Da aka kai amarya Birnin Kudu, ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi ta ce, "Mai Gwangwani, yanzu ina gwangwanin?"

"Yana wurin Baba. An ce ko Alhaji Barau sai ya bi layi."

"To me ya rage maka?"

"Sautina."

Abin da aka rasa dai ga shi: kaset ɗaya da ba zai gyaru ba, waya mai kyau ɗaya, cinikin mutumin Kano, fatar yatsu biyu, da akwatunan lefe da ba a iya cikawa ba sai guda. Gwangwanin kuwa har yau yana Maruta, kuma duk wanda ya je gaida Malam Ƙasimu ya san sai ya taɓa kafaɗarsa kafin ya yi sallama.