Ƙahon Kawu Ɗanbaba

Lantana na durƙushe a tsakar gidansu Zubairu, saurayinta, hannuwanta duk sun yi fari saboda wankin da take yi a gidan wani attajiri a unguwar Vitória, cikin birnin Bahia, can ƙetaren teku. Inna Uwani, mahaifiyar Zubairu, ta dube ta a wulaƙance.

"Na ji kina son koyon jinya. To, ga ƙanena Ɗanbaba, wanzamin da duk Bahia ta sani. Kafin azumi zai koya miki, har takarda yana bayarwa."

"Inna, takardarsa ba likitan da ya yarda da ita. Asibiti zan je, inda ake jarraba mutum kafin a ba shi shaida."

"Ke da kike wanki tun safe har la'asar?"

"In na tashi daga wankin sai in wuce asibitin. Kuma Inna, Kawu ne ya yi ta yi wa mahaifiyata ƙaho tana zazzaɓi har jininta ya ƙare. Ba zan durƙusa masa ba."

Inna Uwani ta miƙe tsaye. "To ki zaɓa, ko ki bi gidanmu, ko ki bar mini ɗana!"

Zubairu ya biyo ta har bakin hanya yana roƙo. "Lantana, ki yi haƙuri ki bi ta, don Allah."

Ta share hawaye. "Zan dawo da shaidata, Zubairu. Ranar nan zan tsaya gaban hukuma in faɗi sunan Kawunka. Sai na ga an ɗaure shi."

Haka ta shiga wahala. Da rana wanki, da yamma ɗakin marasa lafiya: ta ɗebe fo, ta wanke gyambo, ta haddace sunayen magani da Fotugis, harshen ƙasar. Duk ranar da gajiya ta so kayar da ita, sai ta tuna fuskar mahaifiyarta, zuciyarta ta sake tafasa. Zubairu kuwa ya ƙi kallon duk budurwar da aka nuna masa.

Shekaru suka shuɗe, likitoci suka jarraba ta, ta ci. Ta yi shirin kai ƙara ke nan sai ga Zubairu a birkice.

"Inna ce. Kawu ya tsaga mata ƙafa, ta kumbura tana wari."

Lantana ta dubi jakar magungunanta. Wani ɓangare na ranta na cewa a bar su su girbi abin da suka shuka. Daga baya ta ɗauki jakarta.

Ta yi ta jinyar tsohuwar har damina ta wuce, ƙafar ta tsira. Ranar da Inna Uwani ta fara takawa, ta sa aka kira Ɗanbaba gaban dangi, ta zazzage zabirarsa, ta farfasa ƙahonninsa da taɓarya.

"Ka kashe uwar yarinyar nan, ka kusa kashe ni. Ka koma aski, kada ka sake taɓa mara lafiya." Ta juyo tana kuka. "'Yata, ki yafe mini."

Lantana ta dubi Ɗanbaba yana tsintar ɓaraguzai, kansa a ƙasa, ta ji wutar da ke ƙirjinta ta lafa. Ba ta kai ƙara ba. A watan nan aka ɗaura aurenta da Zubairu.

Wanda ya yi haƙuri ya nemi ilimi ta ƙofar gaskiya, Allah kan rama masa fiye da yadda hannunsa zai iya.