Ramin da Ya Ƙi Karan Dawa

Can a wani ƙauye an yi wata mata mai gaggawa. Tana da rufaffen rami da ake zuba wa shara da kashin shanu, in sun ruɓe su ba da iskar gas ta girki.

Wata rana ta kawo karan dawa za ta zuba a ramin, maƙwabciyarta ta ce, "Yaya, daddatsa karan nan ki jiƙa tukuna."

Ta ce, "Ina lokaci?" Ta danna shi haka nan.

Ta ƙyasta ashana a murhu, shiru. Washegari ta ƙyasta, shiru. Ta zaga, ta dawo, ta sake ƙyastawa, yara na kukan yunwa.

Dole ta kwashe karan tana toshe hanci, ta daka, ta jiƙa, ta mayar.

Ran da wuta ta kama, yara suka rugo. Ta ɗora abinci ta ce, "Ku zauna, sai ya nuna."