Allura Goma Sha Biyu

Akwai abin da Mai Ɗinki ya daɗe bai yi ba, kuma ya san bai kyauta ba: bai taɓa buɗe baki ya yi wa Bahaguwa godiya ba.

Wata uku ya yi a kwance, bayan ƙwayar cutar da ta zaga gari ta sauka a huhunsa. Ranar da ya koma maɗaba'ar da yake ɗinkin littattafai, ya tarar da sabuwar ma'aikaciya tana ninke takardu da hannun hagu. Ta ɗago ta yi masa sannu da jiki. Ya amsa, ya ɗauki allura, sai hannunsa ya hau rawa. Minti goma yana neman kafarta. Manaja ya ce masa a hankali zai duba sati biyu, in hannun bai dawo ba za a nemo wani.

Washegari ya sami allura goma sha biyu a soke jikin soson teburinsa, kowacce da zarenta. Dama ɗinkin bai gagare shi ba, zura zaren ne kawai. Haka aka yi ta yi kullum, Manaja kuma bai sake tayar da maganar ba.

Wa ke yin wannan? Tambaya a fili tona wa kai asiri ce. Da ya ga Sakatariya ke rigan kowa zuwa, sai ya kai mata turare. Ta karɓa tana dariya, ba ta tambayi dalili ba. Daga ranar Bahaguwa ta daina gaishe shi, amma allurai ba su fasa ba.

Sai wata safiya ya ɗaga zaren ya dubi ƙullin. Murɗinsa a baibai yake, irin wanda hannun dama ba ya yi. Ya tura wa Bahaguwa saƙo:

"Ƙullin nan na hannun hagu ne. Na kai turare inda ba nan ba."

"Sai yau idonka ya warke? Ka sha maganinka, Yayana. Turaren a bar mata, ƙamshinsa ya yi mini ƙarfi."

Daga nan hira ta zama ta kullum, har ta zama so. Godiyar dai ta maƙale masa, don furta ta amsa gazawarsa ce.

Da ya nemi aurenta, mahaifinta ya ce ba zai ba ragowar jinya 'yarsa ba, alhali ga ɗan amininsa lafiyayye yana jira. Da ta dage, sai ya kira Mai Ɗinki, ya miƙa masa wani tsohon littafi da ya gada, duk ya wargaje, ya ce ya ɗinke shi a gabansa. Hannun ya hau rawa. Mai Ɗinki ya ajiye allurar.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ɗinkin nawa ne, amma zaren 'yarka ke zura mini."

 Tsohon ya ce shi ma idonsa ya yi rauni, shekara biyar ke nan ita ke karanta masa saƙon waya, bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya ƙwala mata kira ta zo ta zura. Da littafin ya haɗu, ya shafa bayansa, ya ce Allah ya yi musu albarka. Bayan wata biyu aka ɗaura aure.

Ranar da suka koma aiki, Mai Ɗinki ya riga ta shiga. Ya yi kwatan awa yana fama, har zaren ya shiga, ya soke allurar a teburinta.

"Na gode, Bahaguwata. Tun ranar farko ya kamata in faɗa."

Ta ɗaga zaren ta duba.

"Ƙullin bai yi kyau ba, ranka ya daɗe," ta ce, ta soke ta a bakin mayafinta. "Amma wannan ba ta ɗinki ba ce."