Ginshiƙi Na Huɗu

A ɗakin taron kwamitin gada suka fara haɗa ido. Ita ce sakatariya mai rubuta bayanin zama, shi kuma injiniya daga ƙasar tsallake. Awa huɗu wakilan ƙasashen biyu suna cacar baki kan wa zai fara zuba kasonsa kafin banki ya saki rance. Ita dai hankalinta na kan taga, inda ginshiƙai shida suka shekara tara tsaye cikin kogi, ba a ɗora musu komai ba.

"Malama, me kike kallo haka?" ya tambaye ta bayan an tashi.

"Can kwalekwale ya kife da Ummana. Shekarar da aka ce za a buɗe gadar."

Har yau takan ji kamar ana kiran sunanta daga ruwan. Shi kaɗai ta taɓa faɗa wa, bai kuwa yi mata dariya ba. Ya sa mata suna Alƙalamina, ita tana ce masa Ɗan Tsallake.

Da maganar aure ta taso, Abbanta ya ce atafau bai yarda ba. "Gwamnatinsu ce ta janye kuɗinta aiki ya tsaya. Su cinye min mata, in ba su 'ya?"

Sai ga wani ɗan kwangila da ya daɗe yana sonta, ya kawo takarda: injiniyan ya sa hannu a sake dakatar da aiki, ga zaɓe ya ƙarato, manya suna son yanka ƙyallen buɗe gadar. Kwana biyar ba ta ɗaga wayar injiniyan ba, sai kuka.

Rana ta shida saƙo ya shigo:

"Alƙalamina, ni na sa hannu, ban musa ba. Ginshiƙi na huɗu ya tsage. In aka ɗora titi a kansa, motoci za su faɗa inda Umma ta faɗa. Sun cire ni daga aikin yau. Ke dai kar ki cire ni."

Ta miƙa wa Abba wayar. Ya karanta sau biyu, sannan ya ɗago ya dube ta.

"Ce masa ya turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure ba a gama gadar ba, a jirgin ruwa za a kai amarya. Abba, wanda rabonsa da bakin kogi tun rasuwar Umma, ya rako ta har gaɓa. Ya kama hannunta ya sa a na angon.

"Riƙe min ita da kyau. Allah Ya tsallakar da ku lafiya, Ya yi muku albarka."